Daren Jumma'a a Indianapolis: Wa Zai Zama Na 12?

Yawancinmu mun san yadda gari yakan motsa idan 'yan Boys' Brigade suka fito fareti da ganguna da bigila. Yara su bi su a guje, tsofaffi su fito ƙofar gida, mata su ajiye taɓarya su leƙo ta kan danga. To, a ƙasar Amurka irin wannan kiɗa na maci ya girma har ya zama gasa ta ƙasa baki ɗaya, da alƙalai da maki da kofi, kamar dai yadda ake yi wa ƙwallon ƙafa. Hukumar da take shirya gasar sunanta Drum Corps International, amma DCI kowa yake ce mata. Labarin wannan gasa muka kawo muku a wannan fitowa.

A ranar Asabar ta biyu ga watan Agusta ake gama gasar, kuma tun daga 2009 a birnin Indianapolis na jihar Indiyana ake yi, a wani babban filin wasa mai rufi da ake kira Lucas Oil Stadium. Kwana 3 ake yi ana tankaɗe da rairaya. Ranar Alhamis dukan ƙungiyoyin da suka zo, su talatin da wani abu, kowace ta yi wasanta, a zaɓi 25. Ranar Jumma'a 25 ɗin nan su sake karawa, a zaɓi 12. Ranar Asabar da dare su 12 ɗin kaɗai suke shiga fili, a gaban mutum sama da 20,000.

Baƙo zai ce Asabar ce babbar rana, gama ranar ake ba da kofi. Mu dai a namu ganin, wanda yake so ya ga inda gaban mutane yake faɗuwa, sai ya je ranar Jumma'a. Ƙungiyoyin da za su iya ɗaukar kofi ba sukan fi 3 ko 4 ba, an kuwa san su tun ana tsakiyar tafiya. Amma kujera ta 12 ɗaya ce tak, masu nemanta kuwa da yawa, kuma tsakanin wanda ya samu da wanda ya rasa sau da yawa ko maki ɗaya bai cika ba.

Yadda wasan yake

Filin da ake yin wasan na ƙwallon Amurkawa ne, tsawonsa yadi 120, faɗinsa yadi 53 da ɗoriya, watau eka ɗaya da kusan sulusi. An ja masa layi fari a kowane yadi 5. Ƙungiya ɗaya tana iya kawo mutum har 165, bisa ga ƙa'idar da aka sa a 2022. A zamanin farko 128 ne iyaka. Kusan rabinsu masu busa kayan tagulla ne, tun daga ƙaramin ƙaho har babban nan da ake saɓawa a kafaɗa, wanda nauyinsa ya fi kilo 10. Akwai makaɗan ganga masu tafiya, akwai waɗanda aka jera wa kayan kiɗa a bakin fili, su ba sa tafiya. Sauran kuwa masu tutoci ne da bindigogin katako da takubba, suna jujjuya su, suna cilla su sama su cafe, suna rawa.

Wasan kowace ƙungiya minti 11 ne ko 12. Ba mai riƙe takarda. Duk abin da za a busa, da duk inda ƙafa za ta taka, a ka yake. Maci ɗin kuwa ba irin na kan titi ba ne da ake bin layi ɗaya. Suna warwatsuwa su haɗu, su zana da'ira, su narke ta zama tauraro, waɗansu na tafiya da baya, waɗansu a kaikaice, wani lokaci da gudu-gudu, taku 180 a minti ɗaya ko fiye, ƙaho yana baki kuma ba a yarda sautin ya yi rawa ba. Takun da ake fara koya wa sabon shiga shi ne taku 8 a cikin yadi 5, watau kowane taku inci 22 da rabi. Wanda ya ƙara inci biyu, mai kallo daga sama zai ga layi ya karkace.

A babban rukunin gasar, wanda ya wuce shekara 21 ba ya shiga, sai dai wanda cikarsa shekara 22 ta faɗo daga 1 ga watan Yuni zuwa gaba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Inda abin ya samo asali

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda manya biyu daga cikinsu su ne American Legion da VFW, suka riƙa fita fareti da ganga da bigila irin na bariki. A hankali aka fara kafa na yara. Waɗansu tsofaffin sojan ne suka kafa, waɗansu 'yan Sikawut, waɗansu kuma ikkilisiyoyi, domin a raba yaran unguwa da yawon banza. Ƙungiyar Cadets a wata ikkilisiyar Katolika mai suna Holy Name aka kafa ta, a garin Garfield na jihar New Jersey, a 1934. Madison Scouts ta 'yan Sikawut ce tun 1938, haka nan Cavaliers ta birnin Shikago a 1948.

Shekara da shekaru tsofaffin sojan ne suke sa doka, su ne kuma suke shirya manyan gasanni. Shugabannin ƙungiyoyin yara suka ga dokokin sun yi musu ƙunci, abin da ake ba su daga kuɗin ƙofa kuma bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa yaransu ne jama'a suke biya su gani. Jim Jones na ƙungiyar Troopers da Don Warren na Cavaliers suna cikin waɗanda suka fara haɗa kan 'yan'uwansu. A ƙarshen 1971 ƙungiyoyi 13 suka kafa DCI, domin su riƙa sa wa kansu doka, su kuma raba kuɗin a tsakaninsu. A watan Agusta na 1972 suka yi gasarsu ta fari a wani ƙaramin gari, Whitewater, a jihar Wisconsin. Ƙungiyar Kingsmen ta Anaheim a Kalifoniya ita ta ɗauki kofi. Tun daga wannan gasa ta fari 12 ake zaɓa su yi wasan ƙarshe, har wa yau kuwa ba a canja wannan lamba ba.

Kafin a kai ga Agusta

Wanda bai san wahalar da ke baya ba, ba zai gane dalilin da ya sa ƙato zai zauna yana kuka saboda rabin maki ba.

Tun watan Nuwamba ake fara gwada masu neman shiga. Da tsakiyar Mayu waɗanda aka ɗauka sukan tare wuri ɗaya, su yi kamar wata guda suna koyo, wajen awa 12 kowace rana, a cikin rana. Daga ƙarshen Yuni sai a hau hanya. Da dare ana cikin bas, da asuba a sauka a wata makaranta a shimfiɗa a ƙasa a ɗakin wasanni, a tashi a yi koyo, da yamma a yi gasa, a sake hawa bas. Kafin Agusta babbar ƙungiya takan ci mil dubbai. Akwai tirela guda ta kayan kiɗa, akwai wata da aka mai da ita ɗakin girki, iyaye da tsofaffin 'yan ƙungiya suna dafa abinci sau huɗu a rana ba tare da an biya su ba.

Yaran ma ba biyansu ake yi ba. Su ne suke biya, a 'yan shekarun nan dala 4,000 ko 5,000 ko fiye kowane ɗaya, duk da haka ba ya isa, gama babbar ƙungiya tana kashe fiye da dala miliyan ɗaya a shekara. Kuɗi ya ka da ƙungiyoyi da yawa. Cadets ɗin nan da muka ambata, wadda ta ɗauki kofin DCI sau 10, a 2024 ta durƙushe aka rufe ta.

A dukan gasannin da ake yi a hanya ana ba da maki, saboda haka kafin a isa Indianapolis kowa ya san kusan inda ya tsaya. Masu bin abin sukan rubuta makin kowane dare, su gwada na wannan da na wancan, su yi ta gardama. Waɗanda suke tsakanin na 11 da na 15 su aka fi sa wa ido, domin yau wannan yana gaba, jibi wancan ya wuce shi.

Yadda ake ba da maki

Maki 100 ne duka. An ware 40 domin yadda wasan gaba ɗaya ya shiga ran mai kallo, 30 domin abin da ido yake gani, watau tafiya da zane da tutoci, 30 kuma domin kiɗa da busa. Alƙalai da dama ne, kowa da abin da yake dubawa, waɗansu a bakin fili, waɗansu can sama inda ake ganin fili duka.

A da ba haka ake yi ba. Har zuwa 1983 alƙali yakan bi 'yan wasa da takarda a hannu, duk kuskuren da ya gani ko ya ji sai ya ja ɗan layi, kowane layi ya rage kashi 1 cikin 10 na maki. Wannan ya sa mutane gudun abu mai wuya, tun da wanda bai gwada mai wuya ba, ba ya kuskure. Daga 1984 aka juya abin, aka koma duba wuyar abin da ƙungiya ta ɗauko da kuma yadda ta iya shi. Mun fi son wannan hanya, ko da yake ta fi jawo gardama, gama kuskure ana iya ƙirga shi, amma kyau sai dai kowa ya faɗi yadda ya gani.

Abu biyu ne suke ƙara wa kwanakin nan zafi. Na ɗaya, makin jiya ba ya bin ƙungiya zuwa yau. Kowace rana daga sifiri ake farawa. Na biyu, matsayin jiya shi yake nuna lokacin da za a shiga fili, na baya su fara, na gaba su rufe. Saboda haka ranar Jumma'a wadda ta zo ta 13 jiya tana fita daga fili, ta 12 tana shigowa. Alƙalai ɗaya, 'yan kallo ɗaya, minti kaɗan tsakani. Ba wanda zai ce ai iska ce ko ruwa, tun da filin a rufe yake.

Alhamis ma tana da nata. Ƙananan ƙungiyoyi suna da rukuninsu dabam, sukan gama gasarsu a farkon mako, sa'an nan su zo su shiga ta manya. A wurinsu shiga cikin 25 shi ne babban rabo, domin su ƙara kwana ɗaya a babban fili. Wasunsu mutanensu ba su kai rabin na manya ba, kuma da rana tsaka suke wasa, yawancin kujeru ba kowa sai iyayensu. Kafin 2011 ƙofar ta fi haka ƙunci, 17 kaɗai ake bari su kai Jumma'a.

Mutanen Casper

Labarin da masu son wannan gasa suka fi yawan bayarwa shi ne na Troopers. Garinsu Casper ne a jihar Wyoming, ƙasar makiyayan shanu, jihar da ta fi kowace ƙarancin mutane a Amurka. Garin kansa mutanensa ba su kai 60,000 ba. Jim Jones ya kafa ƙungiyar a 1957, ya sa musu kaya irin na sojan doki na zamanin dā. Ma'anar sunan ke nan, sojan doki. Kafin a kafa DCI suna cikin waɗanda ake tsoro a dukan ƙasar, an kuma san su da wata babbar da'ira da sukan yi su buɗe ta kamar fitowar rana.

Bayan 1986 sai Asabar ta gagare su. Shekara ta bi shekara suna zuwa, suna tsayawa a Alhamis ko Jumma'a, suna komawa gida. A 2006 abin ya kai ga ba su fita ba sam, saboda rikicin kuɗi da na shugabanci. Mutane da yawa suka ɗauka shi ke nan. Suka dawo a 2007, suka ɗan matsa gaba a 2008. Ranar Jumma'a ta gasar 2009, shekarar da aka fara yi a Lucas Oil Stadium, aka karanta sakamako ta lasifika, Troopers ta zo ta 12. Shekara 23 ke nan rabonsu da daren Asabar, watau a cikin yaran da suka yi wasan babu ko ɗaya da aka haifa a wancan karo. Kashegari suka shiga fili su ne na fari, suka kuma ƙare na 12 ɗin dai. Ba mu ji wanda ya damu da wannan ba.

Amma kowace ta 12 tana da ta 13 a bayanta. A wannan dare Colts ce, ta garin Dubuque a bakin kogin Misisifi, a jihar Iowa, ƙasar masara. Su sun ga Asabar a 2007, daga nan sai suka yi ta zuwa bakin ƙofa ana rufewa. Sai a 2022 suka sake shiga, bayan shekara 15, a matsayi na 11. Wa ya zo na 12 a wannan shekara? Troopers, waɗanda su ma tun 2009 ba su sake samu ba. Waɗanda suka raba gari a wancan dare, tare suka shiga a wannan.

Blue Stars ta garin La Crosse a Wisconsin ta fi su daɗewa a waje. Tana cikin 13 da suka kafa DCI, ita ce ma ta biyu a 1972. Bayan 1979 ta faɗi, bashi ya ci ta, ta koma 'yar ƙaramar ƙungiya, ta yi shekaru a rukunin ƙanana tana tara ƙarfi. A 2008 ta komo cikin 12, bayan shekara 29. Mandarins kuwa ta birnin Sacramento, wadda 'yan asalin ƙasar Sin suka kafa wa yaransu a 1963, sai a 2018 ta fara ganin daren Asabar, tana da shekara 55.

Ƙofar kuma ba ta san tsohon suna ba. Madison Scouts ta ɗauki kofi a 1975 da 1988, amma a 2007 aka yi Asabar ba ita.

Me ya sa kujerar take da tsada haka? Ban da daɗin wasa a gaban babban taro, akwai maganar baɗi. Yaro mai gwaninta da yake neman inda zai kai kuɗinsa da lokacinsa, wurin waɗanda ya gani daren Asabar yake fara zuwa. Haka malaman kiɗa, haka masu ba da gudummawa. Ƙungiyar da ta shiga, a watan Nuwamba masu neman shiga sukan yi mata yawa har ta zaɓa. Wadda ta zo ta 13 kuwa, wani lokaci gwanayenta ne suke tafiya wurin maƙwabta. Shi ya sa wanda yake ciki yakan daɗe a ciki, na waje kuma ya daɗe a waje. Blue Devils ta Concord a Kalifoniya ta fara shiga a 1974, ta ɗauki kofinta na fari a 1976, zuwa 2023 kuwa ta ɗauka sau 21.

Har a can sama

Kada mu ce kwanakin share fage ba su da amfani ga manya. A 2008 an yi gasar a garin Bloomington na jihar Indiyana. Ƙungiyar Phantom Regiment ta garin Rockford ta kawo wasa a kan Spartacus, bawan nan da ya tayar wa Romawa. Ranar Alhamis ta zo ta 3. Ranar Jumma'a ta zo ta 2. 'Yan kallo suka ga tana hawa kullum, suka koma bayanta, kafin daren Asabar filin duka ya zama nata. Aka karanta maki, Blue Devils 98.100, Phantom Regiment 98.125. Abin da ya raba su kashi 1 ne cikin 40 na maki ɗaya. A cikin kwana ukun nan sau ɗaya tak ta zo ta fari, a daren da ake ba da kofi.

A 2020 annobar korona ta hana gasar gaba ɗaya. A 2021 an taru a Indianapolis an yi wasa, amma ba maki, ba na ɗaya ba na 12. Jama'a sun ji daɗin sake ganin juna. Da aka komo da maki a 2022, a ranar Jumma'a aka ga abin da aka yi kewa.

Takalma a fili

Mu koma ga maganar shekaru. Duk ɗan wasan da ya kai iyakar shekaru, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Idan ƙungiyarsa tana cikin masu neman kujera ta 12, yakan shiga fili ranar Jumma'a bai sani ba ko gobe zai sake ɗaukar ƙahon nan, ko kuwa minti 11 ɗin nan su ne na ƙarshe a rayuwarsa. Yana busa na ƙarshe, ya fita, ya tsaya wajen bas da gumi a jiki, yana jiran lasifika.

Bayan an gama wasan Jumma'a akan kira dukan masu barin gasar saboda shekaru, daga kowace ƙungiya, manya da ƙanana, su shigo fili tare a yi musu ban kwana. Akwai wata al'ada da suka daɗe suna yi. Waɗansu sukan tuɓe takalman da suka yi maci da su tun watan Mayu, su ajiye a kan layin fili, su fita da safa. Waɗanda ƙungiyarsu ta sami shiga sukan bar wani abu dabam, tun da gobe suna bukatar takalman. Na 13 da na bayansu kuwa, waɗansu sukan kwana su hau kujerun 'yan kallo ranar Asabar, waɗansu kuma bas ɗinsu tun da dare yake kama hanyar gida.